Tambayi Likita: yaron da ake ce wa daƙiƙi, da bahago, da mai i'ina

Tambaya: Likita, ɗiyata tana aji CE1. Madam ta ce kowa ya rubuto sunansa, garinsu, da abu uku da ya iya, wai darasin lafiya ne. Ina ruwan wannan da lafiya? (Wani uba, unguwar Zariya)

Amsa: Da ruwansa, Malam. Yaron da ya san yana da daraja shi ke iya buɗe baki ya ce kansa na ciwo, ko ya faɗi in wani babba ya taɓa shi inda bai dace ba. Ka zauna da ita, amma kar ka ba ta amsa. In ta ce ta iya goyon ƙaninta ko lissafin canji in an aike ta, ta rubuta hakan.

Tambaya: Ɗana shekararsa takwas, ya maimaita CP, har yanzu bai iya karatu ba. Gida da lakwal kowa daƙiƙi yake ce masa, babansa ya yi dukan har ya gaji. An ce in sayo maganin buɗe ƙwaƙwalwa wurin masu talla a kasuwa. (Wata uwa, Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Hajiya, don Allah ki bar kuɗinki a lalitarki. Babu ƙwayar da ke buɗe ƙwaƙwalwa. Maganin da ya wuni cikin rana a faranti, ba suna ba kwanan wata, shi za ki ɗura wa ɗan shekara takwas? Daƙiƙanci kuma ba sunan cuta ba ne. Kafin a yanke wa yaro hukunci, akwai abubuwan da ake dubawa.

Fara da ido. Ki rubuta manyan haruffa ko ki zana siffofi a allo, ya tsaya kamar mita shida, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya faɗi abin da ya gani, sannan ɗayan. Yaron da ke ƙanƙance ido, ko kullum daga littafin na kusa da shi yake kwafa, wataƙila allon ne ba ya gani.

Sai kunne. Ki tsaya bayansa, tsawon hannu, ki toshe masa kunne ɗaya, ki raɗa kalma ya maimaita. Kunne mai zubar da mugunya yana rage ji, haka sanƙarau, wanda mu nan Maraɗi ba baƙonmu ba ne. Kar a ɗiga mai ko ruwan ganye, a kai shi asibiti.

Ki ja fatar idonsa ta ƙasa, ki duba tafin hannunsa. In sun yi fari, jini ne ya yi ƙasa, kuma mai ƙarancin jini gyangyaɗi yake a aji. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, da tsargiya ga masu wanka a gulbi ko tafkin Madarunfa, duk suna cin jini. A auna shi a CSI, wato ƙaramin asibiti. Kar ya fita da safe ciki wayam, ko koko da ƙosai ne. Wake, zogale da hanta su riƙa shiga tukunya.

Akwai kuma wata farfaɗiya da ba ta kayarwa. Yaro ya ƙura ido kamar sakan goma, a kira shi bai ji ba, ya dawo kamar ba a yi ba, sau da yawa a rana. Ba iska ba ce, tana da magani. In kin ga haka, asibiti.

Ki kuma tuna yaron nan a CI ya fara jin Faransanci. Rashin gane harshe daban, rashin basira daban.

In duk an duba lafiya lau, saura gyaran baki. Yaro a wannan shekarun abin da manya ke kiransa shi yake ɗauka shi ne. A daina sunan nan, a ajiye bulala. Ki nemo abin da ya iya, ko ƙera mota da gwangwani ne, ki yaba da faɗin takamaiman abin: “Ka daidaita ƙafafun nan da kyau.” Karatu minti goma sha biyar kullum, ba tsawa. In ya koma fitsarin kwance, ko ciwon ciki kowace safiyar lakwal, ko ya daina magana da wasa, kar ki jira, ki kawo shi.

Tambaya: Akwai bahagwai biyu a ajina. Iyayensu sun ce in ɗaure musu hannun. (Wani mushe, Tibiri)

Amsa: Kar ka ɗaure, Mushe. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, halitta ce. Cin abinci da gaisuwa da dama ana koya su cikin lallashi, rubutu kuwa a bar musu. Ka zaunar da su ƙarshen benci na hagu, su karkata kan littafin zuwa dama. Amma yaron da ya sauya hannu farat ɗaya don ɗayan ya yi rauni, wannan na asibiti ne a ranar.

Tambaya: Jikana mai shekara biyar yana i'ina. An ce wanzami ya yanka masa ƙasan harshe. (Wata kaka, Bagalam)

Amsa: Subhanallahi! Inna, i'ina ba a harshe take ba, me za a yanka? Ƙasan harshe jijiyoyin jini ne, ga tatanos, ga ciwon hanta daga askar da ta bi bakuna da yawa. Yara kamar biyar cikin ɗari suna yin ta, galibi daga shekara biyu zuwa biyar, mafi yawansu kuma tana barinsu. Ku saurare shi har ya gama, kar ku ƙarasa masa magana, ku hana yayyensa kwaikwayonsa. In ta wuce wata shida, ko ya fara gudun magana, a kawo shi.

Tambaya: Ɗana mai sikila yana son ƙwallo. In bar shi? (Wata uwa, Gidan Rumji)

Amsa: Bar shi, Hajiya. Ya sha ruwa sosai, ya huta in ya gaji, ban da tsakar rana. Zazzaɓi, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, asibiti nan take, ko da dare ne.