Tambaya da Amsa: Ango da Golf Mai Zafi

Tambaya: Baba, saura mako uku ɗaurin aurena, ga shi lefe ya cinye ɗan abin da na tara. Motata Golf ce tsohuwa. Ni nake canza mata baƙin mai da fulogi da kaina, amma yanzu tana ɗaukar zafi a go-sulo, birki kuma yana ƙara. In kwance ta da kaina ko in kai wa bakanike? Ina so ta shiga jerin motocin kai amarya.
Wani ango daga Zariya

Amsa: Ɗana, Allah ya sanya alheri. Zafin nan fara duba shi da kanka, da safe kafin ka tayar da inji. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi, tafasasshen ruwa zai wanke maka fuska, ga hotunan biki na jira. Duba ko ruwa na raguwa, ko wani tiyo na yoyo. Tunda a go-sulo take yi, na fi zargin fanka ba ta tashi. Sau da yawa fis ne kawai ya ƙone. Amma in ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ga man ya yi fari kamar an zuba madara, mai yiwuwa gasket ne ya lalace, wato shimfiɗar da ke hana ruwa haɗuwa da mai a cikin inji, ajiye sifana ka kai wa bakanike.

Birki kuwa ban yarda ba. Ranar kai amarya gwaggonni da ƙawaye za su cika motar maƙil, direbobi kuma na tsere kamar an kora su. Sayi takalman birki da kanka don ka rage kuɗi, bakanike ya ɗaura a gabanka, a makon nan. Ranar kuma ba wa abokin ango makulli, kai ka zauna da babbar rigarka.