Tambayoyin Masu Karatu: Ƴan mishan sun tare kusa da mu, yaya zan zauna da su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wasu baƙi, miji da mata, sun kama hayar gidan da ke jikin namu a nan Tawa, an ce ƴan mishan ne, matar kuma ma'aikaciyar jinya ce. Suna gaishe mu da Hausa, har ta taɓa duba jikana da zazzaɓi ya rufe shi cikin dare, ta ƙi karɓar ko dala. Maigidana yana ganin akwai lauje cikin naɗi. Wa ke biyansu, me suke yi daga safe zuwa dare, kuma yaya ya kamata in zauna da su? Daga wata mai karatu, Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa jikanki lafiya.

Zan fara da damuwar maigida, domin ba a kan banza ya yi ta ba. Ɗan mishan mutum ne da ikilisiyarsa ta aiko, kuma yana fatan mutane su karɓi addinin Kirista. Na kirki a cikinsu ba sa ɓoye wannan idan aka tambaye su. Sai dai tarihin ƙasarmu ya nuna cewa jinyar da suke yi ba ta raba mutane da addininsu ba. Ƙungiyar ƴan mishan mai suna SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi, a nan cikin jihar Tawa, a 1950, sannan cibiyar kula da kutare ta Danja kusa da Maraɗi ta biyo baya. Mutane masu ɗimbin yawa, har daga ƙetaren iyakar Najeriya, sun kwanta a Galmi sun warke sun koma gida da sallarsu, kuma ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na al'ummar Nijar.

Game da kuɗi, gwamnatin ƙasarsu ba ita ke ɗaukar nauyinsu ba. Yawancin ƴan mishan na ɓangaren Furotesta sai sun zagaya majami'u da ƴan'uwa da abokai a can gida, kowa ya yi alkawarin abin da zai riƙa bayarwa duk wata, kafin ƙungiyarsu ta yarda su taso, shi ya sa za ki ga bayan ƴan shekaru sun tafi gida na wasu watanni don su ba da rahoto ga masu tallafa musu. Likitan da ya zo ta wannan hanya yana samun ƙasa da abin da zai samu a Amurka ko Jamus nesa ba kusa ba, amma duk da haka ya fi yawancin maƙwabtansa na nan sukuni, yana da mota, kuma idan ciwo ya yi tsanani ana iya fitar da shi waje. Wannan bambanci yana nan, kuma mai gaskiya a cikinsu ya san nauyinsa. Kada kuma a ɗauka duk ɗan mishan Bature ne, domin da yawa ƴan Afirka ne, wasunsu ma Hausa ce harshen da suka tashi da shi.

Yininsu kuwa aikin yau da gobe ne ya cinye shi. Baƙo yakan shafe shekarunsa na farko yana koyon Faransanci da Hausa, yana fama da zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da ɗaukewar wuta, da cinikin albasa da tattasai a kasuwa kamar kowa. Maƙwabciyarki, in dai jinya take yi, daga tsakiyar damina zuwa kaka ba ta da hutu, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke cika ɗakunan yara. Suna yin addu'a da safe, suna zuwa majami'a ranar Lahadi, kuma sau da yawa dole su rabu da ƴaƴansu su tura su makaranta a Yamai.

A ganina, aikinsu ya fi albarka a inda suka saurari mutanen gari. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki da SIM a Maraɗi, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, sai a farkon shekarun 1980 ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma ne suka ɗauki dabarar barin ƴan rassa masu ƙarfi a jikin kututture suna yi musu aski har su zama itace, suka yaɗa ta gona zuwa gona, har gawo da kalgo suka dawo a miliyoyin eka na Maraɗi da Damagaram.

To, Hajiya, ki ba su haƙƙin maƙwabtaka kamar yadda malamanmu suka koyar: gaisuwa, da kwanon abinci ranar Salla, da jaje idan abu ya same su. Ma'aunin da za ki riƙe guda ɗaya ne, wato ko taimakonsu yana da sharaɗi. Idan aka ce sai an halarci wa'azi kafin a ba da magani, ko aka riƙa jan yara zuwa wani karatu ba da sanin iyaye ba, wannan bai dace ba, kuma kuna da ikon ƙi. Gara maigida ya zauna da mijin, namiji da namiji, ya faɗa masa a fili abin da ya yarda da shi game da yaran gidansa da abin da bai yarda ba, maimakon a yi ta zargi daga bayan katanga.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ya shafe ku kai tsaye. A Abalak, cikin wannan jiha tamu, aka sace wani ɗan mishan Ba'amurke mai suna Jeffery Woodke a Oktoban 2016, bai sami kansa ba sai Maris na 2023, kuma ba mu manta da majami'un da aka ƙona a Yamai da Damagaram a Janairun 2015 ba. Saboda haka idan baƙuwar fuska ta zo unguwa tana tambayar lokacin fitarsu da dawowarsu, kada yara su ba da amsa, kuma a sanar da mai unguwa nan take.