Binciken Jami'a Zai Amfani Ƙaramar Hukuma Kuwa?

Malam, ka tambaya ko binciken jami'a zai taimaka wa ƙaramar hukuma kan shara, ruwa da noma. Zai taimaka ƙwarai, musamman a Zariya da muke da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) tun 1962.

Ku fara da matsala guda, kamar magudanan da ke toshewa da damina a Sabon Gari. Ku kai ta Sashen Nazarin Ƙananan Hukumomi a harabar ABU ta Kongo, ɗalibai su shiga unguwa su tattaro bayanai tare da masu unguwanni. Harkar irin shuka kuwa sai Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) ta Samaru.

Kuskuren da ke damuna shi ne a karɓi rahoto a jefa a kabad. Ku nemi taƙaitawa da Hausa, ku sa kuɗin aikin a kasafi. In ruwan sha ne, sai ƙwararru sun gwada shi a ɗakin gwaji tukuna.