Amsa ga 'yar uwar da aka rubuta wa Mamanta sildenafil

Assalamu alaikum 'yar uwa, tun daren jiya na ga tambayarki, kin ce likitan zuciya ya ce Mama tana da hawan jinin huhu ya rubuta mata sildenafil, da kika je kemis yaron shagon ya ce miki ai wannan maganin maza ne, shi ne kike tambaya ko kuskure aka yi ku ajiye shi. Dan Allah kar ku ajiye. Ƙanwata shekara shida kenan tana shansa, ni ke kai ta asibiti ni ke sayo mata, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Nima haka aka min a wani kemis nan Tudun Wada, mai shagon ya duba takarda ya ɗago ya ce Hajiya na maigida ne? Wallahi sai da na yi kuka a Keke. Da muka koma likitanta ya zaunar da ni ya ce eh sinadarin da ke cikin Viagra ne, amma aikinsa buɗe jijiyoyin jini, su kuma masu wannan ciwon jijiyoyin huhunsu ne suka tsuke, sai ɓangaren dama na zuciya ya dinga wahalar tura jini har ya gaji. Tun 2005 aka amince da shi a Amurka dan wannan ciwon da sunan Revatio, 20mg sau uku a rana, haka ƙanwata ke sha.

Kuma kar a ruɗe ku da awon BP na hannu, ba ya nuna shi sam. Ita nata kullum lafiya lau yake fitowa, dangi suna ta cewa wane irin hawan jini ne wannan, alhali yarinya ba ta iya kai raka'a biyu a tsaye, in ta share tsakar gida sai ta dafa bango tana haki, leɓenta ya yi duhu, ƙafa ta kumbura silifas ya ƙi shiga. Kusan shekara biyu ana ba ta maganin asma kafin aka yi mata eko, wato hoton zuciya, aka ga huda ce a zuciyarta tun haihuwa. Yanzu Alhamdulillah tana zuwa Islamiyya da ƙafarta, ba warkewa ta yi ba, amma tana rayuwa.

Abin da nake so ki tambayi likitan Mama shi ne me ya jawo nata, dan ciwon kala-kala ne. In daga ɓangaren hagu na zuciya ya taso, ko huhun ne ya lalace kamar bayan tarin fuka, asalin ciwon ake bi, sildenafil ma yana iya ƙara dagula wani. In jini ne ya daskare a jijiyoyin huhu sai an haɗa da maganin tsinka jini irin warfarin. Masu sikila kuwa, an yi gwajinsa a kansu a Amurka aka dakatar a 2009 saboda ciwonsu ya riƙa tashi da yawa. Dan haka duk mai karantawa kar ya ji na ce ya yi mana aiki ya je ya sayo wa nasa mara lafiyar, ban ce ba.

Mu daga baya an ƙara wa ƙanwata bosentan, wani maganin hawan jinin huhun, aka fara da 62.5mg safe da dare na sati huɗu sannan 125mg. Wannan kam akwai tsada, a Kaduna ba kullum ake samu ba sai mun aika Abuja, kuma duk wata sai an ɗebi jini an duba hanta, ba ma wasa da wannan. Yana illa ga ɗan ciki, ɗaukar cikin ma kansa haɗari ne babba ga mai ciwon, masu 'yan mata da matan aure ku yi wannan maganar da likita ko da nauyi. Sai Lasix na rage ruwa, da safe take sha dan kar fitsari ya hana ta barci, gishiri da magi kuma tukunyarta daban nake yi.

Satin farko na shan sildenafil ɗin Mama za ta iya jin ciwon kai, fuska ta yi zafi, hanci ya toshe, ko ƙwannafi, ita ƙanwata duk sun lafa da kansu. In ganinta ko jinta ya canza farat ɗaya, ko ta suma, asibiti a take. Babban haɗarin shi ne haɗa shi da maganin ciwon ƙirji irin isosorbide ko wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, jini na iya faɗuwa ƙasa warwas. Kar kuma a tsayar da shi rana ɗaya dan ta ji sauƙi, mun taɓa yankewa kwana huɗu saboda rashin kuɗi sai da muka kwana a imajansi da oksijin.

Ki saya a babban famasi ki duba lambar NAFDAC, banda na tasha. Hunturu ki sa mata takunkumi, a nisanta ta da hayaƙin icce da turaren wuta. Ranar komawa asibiti ki zuba duk abin da take sha a leda har jiƙe-jiƙen gida ki nuna wa likita, ki tambaye shi batun azumi ma tunda sau uku ne shan. Allah Ya ba Mama lafiya, in kin kasa samun 20mg ɗin ki min magana ta inbos.