Ka ce dubu 15, nawa ne naka a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina kai wa mutane pizza gida-gida a Abuja da babur ɗina. Ran da kasuwa ta yi kyau nakan tashi da dubu 15, amma kafin wata ya ƙare ba ni da ko sisi. Ina so in ci bashi in ƙaro babur in ba ƙanena, kuɗin ya ninka. Me ka gani? Daga wani matashi a Kubwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ajiye zancen babur na biyu tukuna. Na farkon ma ba ka san ko shi ke ciyar da kai ko kai ke ciyar da shi ba.

Kuskurenka ɗaya ne: duk abin da ya shiga aljihunka kana kiran sa riba, domin ba ka rubutawa. Ka faɗa mini ranar da ta yi kyau, ina ranar da aka wuni ana ruwa? Nawa ka sha na mai? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin lita ya ninka sau da yawa. Kuma pizza ba takarda ba ce, in ta huce an ɓata, dole ka yi gudu, gudu kuwa birki da taya da sarƙa yake ci. Ka kai Gwarinpa, ka tsaya bakin get kana kiran mai oda da katinka, ka dawo da akwati fanko. Man dawowar wa ya biya?

Na san wani yaro mai ƙwazo da ya yi irin aikinka. Kullum da kuɗi a hannu, har waya ya canza sau biyu. Ran da inji ya buga, bakanike ya faɗi kuɗin gyara, ba shi da ko rabi. A banza ya sayar da babur ɗin. Ashe shekara biyun nan babur ɗinsa yake ci da kaɗan-kaɗan, yana zaton albashi ne.

Sayi littafin 'yan makaranta. Kwana 30 ka rubuta kowace tafiya: abin da aka biya ka, mai, baƙin mai, kati, gyara, abincinka. Kullum ka cire kamar dubu 2 ka sa a wani asusu daban, na babur ne, ko biki ya taso kada ka taɓa. Abin da ya rage shi ne naka. Ina zaton dubu 15 ɗin nan za ta koma biyar ko shida.

Ka kuma tuna manhajojin odar abinci na Jumia Food da Bolt Food duk sun rufe a Najeriya a Disambar 2023. Mai bashi ba ruwansa da an rufe manhaja.

In wata ya cika, turo mini abin da littafin ya nuna, sannan mu yi maganar ƙanenka.