A bakin rumbu ake sa rariya

Jiya muna shan shayi ka ce fom ɗin da kake haɗa wa masu hatsin nan yana zubo sunayen abokan ciniki gaba ɗaya, na Kasuwar Dole da na Mirya da na Magarya duk a jeri guda, ka tambaya ko ka yi amfani da JavaScript, yaren da ke aiki a cikin burauza, ka ɓoye waɗanda ba na mai shagon da ya shigo ba.

Kul, ɗana. Abin da ka ɓoye a burauza yana nan daram. Duk yaron da ya san danna F12, maɓallin da ke buɗe cikin shafi a burauza, zai gan shi, ya sauya lambar da manhaja ke gane abokin ciniki da ita, ya aika, a rubuta bashin buhu biyu na gero a kan bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Tunda da Django kake aiki, kayan haɗa shafukan intanet na yaren Python, tsaya ka fahimci ModelChoiceField, gurbin fom da ake zaɓar abu daga rumbun bayanai. Queryset ɗin da ka ba shi, wato tambayar da ke ɗebo sunaye daga rumbun, aiki biyu yake yi: shi ke cika jerin da mutum yake gani, shi ne kuma ke tantance abin da aka aiko. Lambar da ba ta cikinsa, fom zai ƙi ta. To can za ka sa filter, wato rariyar, rumbun bayanai ya miƙo na shagon kawai.

Sai dai ba a saman class ɗin fom ba, inda ake jera gurabensa, don a nan ba a san wa ya shigo ba tukuna. A saman ka sa none(), wato jerin da ba kowa a ciki. Cikin __init__, sashen da ke aiki duk lokacin da aka haɗa sabon fom, ka cire shagon daga kwargs (bayanan da aka miƙo wa fom) da pop kafin ka kira super (ainihin __init__ na Django), in ba haka ba saƙon kuskure na TypeError zai tare ka, sannan ka sauya queryset ɗin ta self.fields, inda guraben fom ɗin suke. View, sashen da ke amsa buƙatar burauza, ya miƙa wa fom shagon sau biyu: lokacin nuna fom da lokacin karɓarsa. Na biyun ne ake yawan mantawa.

Ni ma na sha tawa. Na taɓa jera sunaye da list() a saman class, sai sababbin mutane suka ƙi fitowa har sai an sake tayar da saba, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta. Kwana uku ina zagin intanet, ashe lissafin sau ɗaya ake yin sa, lokacin da manhaja ta tashi.

Gobe ka buɗe asusu biyu, ka shiga da na Mirya, ka cusa lambar mutumin Magarya da hannu. In ya wuce, kira ni.