Injin kilowat 12 zai ɗumama tafkin ninkaya?

Tambaya: Tafkin ninkayar gidana tsawonsa mita 8, faɗinsa 4, zurfinsa daga mita 1 zuwa 2. Ruwan yana digiri 20, ina so ya kai 28. An nuna min injin da ke zuƙo zafi daga iska mai kilowat 12. Zai wadatar?

Amsa: Malam, a fara da auna ruwan. Matsakaicin zurfin mita 1.5 ne, 8 × 4 × 1.5 ya ba mu lita 48,000. Kowace lita 1,000 tana cin kusan kilowat-awa 1.16 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Daga digiri 20 zuwa 28 ƙarin digiri 8 ne. To 48 × 8 × 1.16, kusan kilowat-awa 445 ke nan. Raba da 12, awa 37 injin zai yi bai huta ba, in har zafin ba ya zurarewa.

Amma yana zurarewa, kuma nan masu saye suke faɗawa rami. A tafkin da ke fili, mafi yawan zafin tururi yake bi. Duk litar da ta tashi tana tafiya da kusan kilowat-awa 0.68. Fuskar ruwanka murabba'in mita 32 ce. Idan ruwan ya ragu da milimita 5 a rana, lita 160 sun tafi, wato kusan kilowat-awa 109. Digiri biyu ke nan, aikin awa tara na injin. Ranar da iska ke kaɗawa abin ya fi haka. Shi ya sa murfin da ake shimfiɗawa a kan ruwa da dare ya fi ƙarin kilowat amfani. Shi za ka fara saya.

Kilowat 12 ɗin kuwa zafin da injin ke fitarwa ne. Lantarkin da yake ja bai wuce kilowat 2.4 ba idan yana mayar da kilowat ɗaya na lantarki kilowat biyar na zafi, alhali hitar lantarki mai waya kilowat-awa 445 ɗin nan za ta sha cif. Sai dai a iska mai ɗumi ake gwada kilowat 12 ɗin. Da ta sauko kusa da digiri 10, ƙarfinsa ya ragu sosai. Nemi takardar da ta nuna ƙarfinsa a digiri 15, ka kuma tabbatar bututun da ke miƙa wa ruwa zafi na titaniyam ne, don kulorin da gishiri suna cin jan ƙarfe.

Da murfi, 12 ya isa. In babu murfi, nemi wanda ya fi shi.